Da Iyalinsa

Wata takwas da mutuwar aurena, ina shago a Kano ina auna wa wata mata leshi, wayata ta yi ƙara. 'Yar hayata ce ta gidan Wudil, ma'aikaciyar jami'a, mutuniyar Filato, ba ta kirana sai in famfo ya lalace.

"Anti, wasu mutane sun zo da jan fenti suna rubutu a katangarki."

"'Yan siyasa ne? Ki kore su."

"A'a. Sun ce daga kotu suke."

Ko rufe shagon ban tsaya yi ba, maƙwabciya na bar wa. Na hau mota a Unguwa Uku, kafin la'asar ina Sabon Garin Wudil a tsaye ina karantawa: GIDAN NAN YANA HANNUN KOTU. Fentin ma bai gama bushewa ba.

Gidan nan nawa ne. Shanu biyu na samu a gadon babanmu, yayana ya kai su kara, kasuwar shanu, ran Juma'a ya sayar, da kuɗin aka sayi filin. Ginin kuma adashi ne, shekara uku ina zubi, ɗaki uku da banɗaki. Mijina na lokacin ko buhun siminti bai saka ba, shi ma bai taɓa cewa ya saka ba.

Matsalar daga ranar cinikin filin ce. A zauren mai unguwa aka yi, maza ne zalla, ni ina cikin gida matarsa ta dama mini fura. Mai rubutu ya tambayi mijina wa ke saye. Shi kuwa ba zai kama sunan matarsa a gaban dattawa ba, kunya, sai ya ce, "Iyalina ne." Mai rubutu ya sa sunan mijina cikakke har da na mahaifinsa, ya ƙara da "da iyalinsa". Da na karanta takardar a gida wallahi har daɗi na ji, na ce ya mutunta ni.

Da muka rabu na nemi takardar ya ce ta ɓata a kwashe kaya, ya ba ni hoto-kwafi. Ashe tun muna tare ya kai ta jingina wajen wani alhaji, ya ɗebi shanu bashi ya yi kudu da su, ya karye.

A gindin katangar na kira tsohon mijin nawa.

"Malam, gidana ka jinginar?"

"Ki yi haƙuri, niyyata in fanso kafin ki sani."

"To ga shi na sani. Sai ka zo ka fanso."

"Da me? Ko mashin ɗina na sayar."

Zaman kotu biyar muka yi. A na biyu lauyan alhajin ya ɗaga takardar sama ya ce, "Allah ya gafarta Malam, iyali ai ba suna ba ne. Mahaifiyarsa iyalinsa ce, ƙannensa iyalinsa ne. Ita wannan ɗin ma, a tambaye ta, yau iyalinsa ce?" Wasu a baya suka yi dariya.

Mai unguwan ya rasu. Mai rubutun ya ce shi abin da aka faɗa masa ya rubuta. Wanda ya sayar da filin, wani tsoho daga Ɗankaza, ya ce, "Ni dai a hannun namiji na karɓi kuɗina, ban ga wata mace ba." Bai yi ƙarya ba.

Tsohon mijin nawa ya tashi ya faɗi gaskiya, ya ce ko sisinsa babu a gidan. Na ɗauka shi ke nan. Lauyan ya ce haɗin baki ne, duk mai bashi haka yake cewa dukiyar ta mata ce. Ranar da ya tsaya mini, ranar ce maganarsa ba ta da daraja a wajen kowa.

Yayana da uwar adashinmu suka ba da shaida, shi ya sa ban tashi a banza ba. Alƙali ya ce rabi nawa, rabi nasa, nasa kuma na alhaji ne. Aka yi wa gidan kuɗi, aka ba ni wata uku in biya rabin, in ba haka ba a sayar a raba.

Na sayar da sarƙata da firjina, na karyar da kayan shago a kan asara. Na je wajen kawuna, ya ce, "Ke ma da kin shiga zauren." Na ce Kawu da na shiga kai ne za ka fara cewa ba ni da kunya. Bai ba ni komai ba. Abin da na haɗa ko rabin rabin bai kai ba.

An sayar ran Alhamis ɗin da ta wuce. Kason da aka ba ni ba zai sayi fili a layin ba yanzu, na tambayi dillalai biyu. Jiya 'yar hayata ta turo mini saƙo, wai sabon mai gidan ya ba ta sati biyu, zai fasa ɗakinta ya yi shago, ko na san inda za ta samu haya. Na karanta, har yanzu ban ba ta amsa ba.