Ɗan Sarkin da Na Tsare a Falo

Wasu shekaru can baya na taɓa kiwon kifi a falona a Makarfi, kuma har yau in na tuna sai na ji bayana ya amsa. Ba kiwon tarwaɗa na sana'a ba, na ado, irin wanda ake sakawa a akwatin gilashi a zauna ana kallo. A gidan wani babban ma'aikaci na fara gani a Zariya, na dawo da abin a raina, na sa aka haɗa mini ɗan akwati, na zuba ƙananan kifaye masu launi guda biyar. Wani abokina mai sarin kifi a wurin masunta ya zo ya gani ya taɓe baki. Bayan sati guda sai ga shi da 'yar roba, a ciki wani siririn abu da bai fi tsawon yatsa ba. Ya ce, "Waɗancan ai tarkace ne. Ga ɗan sarki na kawo maka."

Ga wanda bai san ɗan sarki ba, dogo ne sumul kamar wuƙa, da siririn bindi irin na ɓera. Akwai wani dogon fiffike a gadon bayansa da yake kaɗawa, jikinsa a miƙe, ya yi gaba, in ya ga dama ya yi baya ba tare da ya juya ba. Gaskiya yana da kyan kallo. Abin da abokina bai gaya mini ba shi ne girman da yake yi da kuma baƙin halinsa. Ashe ruwan dafa kaina na ɗebo.

Cikin wata biyu ya cinye 'yan uwan zamansa su biyar, ɗaya bayan ɗaya. Abincin kifi na leda kuwa ko kallo bai ishe shi ba. Shi sai tana, sai ƙananan kifi masu rai, sai shinge, garar nan mai fiffike, in damina ta faɗi. Ba ya son haske, sai da na sa masa fasasshen tulu yana shigewa. Ranar da na sa hannu zan gyara tulun ya kafta mini cizo a yatsa. Matata tana ɗaure mini yatsan tana dariya, ta ce, "Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa, Maigida."

Ana cikin haka mahaifina ya faɗi a gona a ƙauyenmu da ke kusa da Likoro, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Mahaifiyata ta daɗe da rasuwa, ƙanena ne da iyalinsa suke zaune da shi a gidan. Da aka sallame shi daga asibiti ban yi shawara da kowa ba, na wuto da shi gidana. Ni ne babba, ni ne mai albashi, ni ne kusa da likita. Na sa masa gado a falo saboda nan ne akwai fanka kuma babu matakala, fuskarsa tana kallon akwatin kifin.

Ni ɗan fari ne, kuma Baba mutumin da ne. Tun da na yi wayo bai taɓa kiran sunana ba, ba ya kallon idona, ba ya tambayata komai kai tsaye. In yana son abu sai ya gaya wa matata, ko ya faɗa yana kallon bango, mai kunne ya ji.

Daga nan rayuwata ta zama abu ɗaya kullum. Da asuba in tayar da Baba, in yi masa wanka da alwala, in ba shi koko da magani. In ɗauki fartanya in gangara fadamar masu rake in tono tana, in dawo in ciyar da kifi, in sa kaya in tafi ofis da laka a ƙarƙashin farce. Duk kwana uku sai an rage ruwan akwatin an zuba sabo, in ba haka ba falon ya ɗauki ƙarni. Da rani rijiyarmu ta ja baya, guga ashirin kafin a cika bokiti huɗu. In aka ɗauke wuta ɗan injin da ke tace ruwan ya tsaya, ruwan ya yi duhu, a sake sabon aiki. Ranar Laraba kuma a kai Baba asibiti a Zariya a gasa masa ɓarin da ya shanye. Na rame, na zama mai faɗa, har a ofis an daina yi mini wasa.

Baba kuwa wuni yake yana kallon kifin. Wata rana ina goge gilashin sai na ji ya ce, bakinsa a karkace, idonsa a bango, "Wannan ba na kwalba ba ne. Muna samari mun kama irinsa a rafinmu, sai da mutum biyu suka ɗauka. Wurin nan ya yi masa kaɗan."

Na ji daɗi Baba ya yi doguwar magana. Washegari na nufi wurin mai gilashi na sa aka yi babban akwati, aka kawo shi a motar a-kori-kura, sai da aka cire ƙyauren falo ya shiga. Na haɗa har da sabuwar katifa da rediyo na Baba. Na tsaya ina jiran a yaba mini. Ya dubi akwatin, ya dubi katifar, ya ce wa matata, "Allah ya yi albarka," ya juya fuskarsa.

Kifin ya ci gaba da girma. Kafin shekara ta zagayo ya kai tsawon hannuna daga kafaɗa zuwa yatsu, ba ya iya juyawa sai da ƙyar. Tulun ya daina ɗaukarsa. Sai dai ya yi gaba har bakinsa ya taɓa gilashi, ya yi baya har bindinsa ya taɓa gilashi, haka zai wuni, har bakin ya yi fari saboda gugar gilashin.

Duk ranar da mutanen ƙauye suka zo dubiya, Baba ya dinga tambaya ke nan. Wa ya shuka gonar bakin rafi? An yi wa rumbun sabon jinka? Wa yake zama a wurinsa a ƙofar masallaci? In sun tafi, ranar ba ya cin abinci. Ƙanena ya same ni a zaure ya ce, "Yaya, da ka bari mun koma da shi gida. Mu ma ai 'ya'yansa ne." Na taso masa da faɗa, na ce can wane likita gare ku. Amma tsakanina da Allah ba likita ne ya fi damuna ba. Tsoro nake a ce ɗan fari mai aikin gwamnati ya gaji da ubansa ya mayar da shi ƙauye.

Wata Asabar da rana ina canza ruwa, ga zafi, ga babu wuta tun jiya. Na cika bokiti zan ɗaga, kifin ya yi wani irin bugu ya watsa mini ruwa a ido, santsi ya kwashe ni, na zube, bokitin ya kife a kaina. Na zauna daɓas a cikin ruwan ƙarni, ƙato da ni, kuma kafin in kama bakina na ce, "Wayyo Allah, na gaji! Wallahi na gaji!"

Sai a lokacin na tuna Baba yana kwance a bayana. Kunya ta hana ni waiwayawa. Na tashi na fita tsakar gida ruwa yana ɗiga daga rigata.

Matata ta miƙo mini tawul. Ta ce, "Maigida, yau dai ka saurare ni. Sau uku Baba yana aiko ni wurinka. Sau biyu na faɗa maka, ka ce zafin ciwo ne, na ukun na haɗiye."

Na ce, "Me ya rasa a gidan nan?"

Ta ce, "Bai rasa komai ba. Cewa ya yi yana so ya ji kiran sallar masallacinsu. Kai ka san ba zai iya kallonka ya ce ka mayar da shi ba. Kai ka gaji, ni na gaji, shi ya fi mu gajiya, kowa yana jin nauyin kowa."

Da yamma na kira ƙanena a waya na ba shi haƙuri, na ce zan dawo da Baba gida.

Bayan sati biyu, ruwa ya sauka sosai, muka ɗauki hanyar ƙauyenmu a motar abokin nan nawa da ya jawo mini wahalar kifin. Baba yana gaba an tokare shi da filo, ni ina baya na rungume duro da ɗan sarki a ciki. Kafin mu shiga gari Baba ya ce wa abokin nawa, da yake tuƙi, a bi ta rafi. Akwai wani gurbi mai zurfi a can da ba ya ƙafewa ko da rani. Muka sauke duron mu biyu muka karkata shi a hankali.

Kifin ya fita, amma bai tafi ba. Ga ruwa iya ganinka, shi kuwa ya yi gaba kaɗan ya tsaya, ya yi baya kaɗan ya tsaya, daidai tsawon akwatin falona. Ya yi haka ya fi sau goma. Na ɗauki kara zan zungure shi, sai Baba ya ce daga cikin mota, "A ƙyale shi, zai tuna." Can kuwa ya kaɗa fiffiken nan ya nutse, ba mu sake ganinsa ba.

A gida aka shimfiɗa wa Baba tabarma a ƙofar zaure, tsofaffin abokansa suka kewaye shi suna yi masa tsiya wai ya zama ɗan birni. Matar ƙanena ta kawo tuwon dawa da miyar kuka, ya cinye tas da hannunsa mai lafiya. Da na durƙusa zan yi sallama, ya ɗago ya dube ni cikin ido, abin da ban taɓa gani ba, ya ce, "Ka yi ƙoƙari. Je ka huta."

Wata takwas ya yi a gidansa. Ya ga an girbe dawar gonar bakin rafi an zuba a rumbu, sannan Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa da rahama.

Na san na yi wa Baba hidima, ba na ƙaryata wannan. Amma shekara ɗaya da rabi na yi ina ba shi abin da ni nake so a ga na ba shi, ban taɓa zama na tambayi abin da yake so ba. Wannan har yanzu yana ci mini rai. Akwatin gilashin yana nan a ɗakin ajiya, matata tana zuba albasa a ciki. Wani lokacin in na shiga ɗauko wani abu sai in tsaya in auna tsawonsa da ido, in ga ashe bai kai ko taku biyu ba.