Karanta In Ji

Gwaggona ta shekara ashirin da uku tana wanki a masauki ɗaya, a ɗaki ɗaya, can ƙasan bene inda taga ba ta wuce faɗin tire ba. Ma'aikatan wurin Direba suke ce mata, saboda babban injin wankin da ke kusurwa ba ya tashi a hannun kowa sai nata. Ita kuma Maigida take ce wa injin. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce tun da mijinta ya rasu shi kaɗai ne namijin da take yi wa magana kullum, kuma ya fi marigayin ji.

Injin makaho ne. Allon da ke goshinsa, wanda ya kamata ya riƙa rubuta irin wankin da aka zaɓa da duk matsalar da ta taso, ya shekara bakwai baƙi ƙirin. Da kunne Gwaggo take tuƙa shi. In zannuwan gado ne, ta danna maɓallin hagu sau huɗu, ta jira ƙara, ta danna na tsakiya sau biyu. Tawul kuma sau shida. In ya yi gurnani ta san kaya sun taru gefe guda, in ya yi tari ta san ruwa ne ya ƙi fita. Takan ɗora tafin hannu a ƙofarsa ta faɗi minti nawa suka rage, kuma ban taɓa ganin ta kuskure da fiye da minti biyu ba.

Abin haushin shi ne, ni gyaran injin wanki ne sana'ata. Shekara goma sha tara ina yi. Na tayar da injinan da masu su suka riga suka mayar teburin ajiye bokiti. Amma abokan sana'a in suna son tsokanata sai su ce, "Yaya makahon gwaggonka?" Na roƙe ta ya fi sau goma ta bari in duba shi.

"Kada ka taɓa min shi," take cewa. "Lafiyarsa ƙalau. Wa ya ce maka da ido ake wanki?"

Ba na iya gardama da ita, don ita ta raine ni. Ina shekara shida mahaifiyata ta rasu, mahaifina kuwa, ƙaninta, aikinsa a nesa yake, sai a yi wata huɗu ba mu gan shi ba. Gwaggo ta ɗauke ni da jakata ɗaya da takalmin da ya yi min kaɗan. Kullum in na dawo makaranta, kafin in ci abinci, sai ta zaunar da ni kusa da teburin guga ta ce, "Karanta in ji." Aikin gida ne, takardar magani ce, wasiƙar mahaifina ce, duk ni ke karantawa, wai don ta ji ko na iya. Tabaraunta in tana gida yana wurin aiki, in tana wurin aiki yana gida. Duk da haka takan karɓi littafina ta duba shafin, ta dube ni, ta ce "Ya yi," ko kuma ta ce "Sake." Duk ranar da na yi aikin ganin dama sai ta kama ni. Na tsani kalmar nan "sake" har na girma.

Matsalar ta taso ne bara, da zazzaɓi ya kwantar da ita kwana huɗu. Zannuwan gado suka taru har bakin ƙofa. Mai dafa abinci ya gwada sa'arsa, injin ya yi masa kunnen uwar shegu. Mai karɓar baƙi ya sauko ya danna abin da ya danna, injin ya dafa labulayen ɗakin taro, suka fito tsawon labulen banɗaki. Sabuwar manajar wurin, wata mace mai saurin tafiya da ba ta yin jimla uku ba ta ce "tsari" ba, ta kira ni ofis.

"Injiniya, magana ɗaya ce," ta ce. "In allon nan zai gyaru, ka gyara, Direba ta ci gaba da aikinta, wasu ma su koya. In ba zai gyaru ba, ranar Litinin zan rufe ɗakin in riƙa kai wanki kamfani. Ba zan bar masauki guda a kunnen mutum ɗaya ba."

Na je na gaya wa Gwaggo cewa aikinta na shekara ashirin da uku yanzu yana bakin sukudirebata. Na zaci za ta yi min addu'a. Sai ta ce, "Allah ya kyauta," ta ci gaba da ninke tawul.

Ranar Laraba da safe na sauka da jakar kayan aiki. Na tarar ta ajiye kujerarta daidai gaban injin ta zauna a kai. Ta ce in sha shayi tukuna. Na sha. Ta ce soket ɗin yana jan mutum, in bi a hankali, ko ma in bari sai wani satin. Na ce na gode. Ta ce matata ta kira tana nemana. Matata tana wurin aiki, kuma ba ta da lambar ɗakin wanki.

Na fara daga inda kowane mai hankali yake farawa. Na zare filogi daga bango, na jira minti biyar, na mayar. Rabin injinan da ake kirana a kansu wannan kawai suke buƙata, sai dai ba na gaya wa masu su, don ba wanda yake son jin cewa abin da ya hana shi sakat kwana uku hutu kawai yake nema. Allon ko ƙiftawa bai yi ba. Na danne maɓallai biyun da ke cire makullin yara, ko wani ya kulle shi bai sani ba. Shiru. Na sake cire wuta na zagaya baya don in kwance murfin sama, sai na ga kawunan sukurori ukun duk a gurje, kamar da wuƙa aka murɗa su. Na tsine wa bakaniken da ya yi wannan aika-aika, a fili.

"Ka daina zagin mutane," in ji Gwaggo. "Ba ka san wa kake zagi ba."

Na ɗage murfin. Na gwada da mita, wuta tana isa ƙwaƙwalwar injin daidai yadda ake so. Na haska tocila ina neman ƙuna ko tsatsa, ko ɗaya daga cikin 'yan gwangwanayen nan ya kumbura. Na sansana ma, don abin da ya ƙone ba ya ɓoye warinsa. Babu komai. Ciki fes, ya fi na injinan da ba su yi rabin shekarunsa ba. To ruwa dai ba ya tsami banza, sai na zura hannu ta bayan allon kansa.

Akwai wata faffaɗar waya mai kama da ribon ɗin gashi, ita ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa allo. Maɓallai wayarsu daban, shi ya sa suke aiki. Wannan kuwa a cire take. Girgiza takan zare ta, na sha gani. Amma girgiza ba ta naɗe bakin waya da leda don kada danshi ya taɓa shi, ba ta kuma ɗaure ledar da farin zare. Na kalli ɗaurin: ƙulli biyu, da ɗan kunne a gefe da za a ja ya warware. Da irinsa aka riƙa ɗaure min makullin gida a wuya duk tsawon zamana a firamare.

"Gwaggo."

"Na'am."

"Wa ya ɗaure wannan?"

Sai da ta gama ninke tawul uku kafin ta ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Rufe ƙofar."

Na rufe. Ta ce tsofaffin injinan da ta fara da su na murɗawa ne, ta san inda kowane wanki yake. Da aka kawo wannan sabo, sai ya zo da baki. In ya tsaya, rubutu ya riƙa gudu a goshinsa, manajan wancan lokacin ya sauko ya tsaya a bayanta ya ce, "Direba, me ya ce?" Ta ce ta manta tabarau. Sau uku ana haka. A na huɗu mutumin ya sayo mata tabarau da kansa, cikin ɗan gidansa mai kyau, ya ce ta bar shi nan ɗakin kada ta ƙara mantawa.

"Mutumin kirki ne," ta ce. "Kirkinsa ne ya kusa kashe ni."

Ta taɓa ganin mutumin kamfanin da ya kawo injin ya taɓa wayar allon, rubutun ya ɗauke. Washegari ta zo kafin kowa, da wuƙar yanka albasa.

Ni da nake taƙama da gano matsala tun daga bakin ƙofa, sai na buɗe baki na ce, "To ba sai ki sa tabarau ɗin ba?"

"Tabarau ba ya nuna wa mutum abin da ba a koya masa ba, ɗan nan."

Na zauna a kan kwandon wanki, sukudireba a hannuna. Lambobi ta sani, agogo ta sani, amma baƙi ko ɗaya ba ta sani ba, kuma na yi shekara talatin da biyar ina kusa da ita ban gane ba.

"Aikin makarantata fa? Duk wanda kika ce in sake?"

"Hancinka nake dubawa. In ka yi ha'inci yana zufa."

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Na tuna wani insha'i da na rubuta sau huɗu. Sai kuma kunya ta kama ni, bayanta tausayi. Matar nan ta zauna ta saurari kowane shafi na karatuna shekara goma sha biyu, tana riƙe da littafin da ba ya ce mata komai.

"Ka ce mata ya mutu," ta ce. "Gara in tafi da mutuncina."

"In na ce ya mutu, ranar Litinin kina gida."

"In ka tayar da shi, kafin Litinin kowa ya sani."

Sai ga ƙarar takalmin manaja a matakala. Na ja kunnen zaren, ya warware kamar jiya aka ɗaure. Bakin wayar sabo fil, ledar ta yi aikinta. Na cusa ta a gurbinta har ta ce ƙas, na mayar da murfi, na jona wuta. Allon ya haska kore, ya ɗan yi jim, sannan rubutu ya fara gudu.

Manaja ta buɗe ƙofa. Ƙasan ɗakin a jiƙe yake, takalminta kuma ba na shiga ruwa ba ne, don haka ta tsaya daga can. "Kai, madalla! Ya tashi! Direba, me ya rubuta?"

Gwaggo ta miƙe ta tsaya gaban allon. Ta daɗe tana kallonsa. Ina ganin yatsunta suna murza gefen rigar aikinta. Na buɗe baki zan yi magana, sai ta juyo ta dube ni da fuskar nan da na sani tun ina shekara shida.

"Kai, Injiniya. Karanta in ji ko ka iya."

Na karanta. Cewa ya yi matatar ruwa ta toshe.

"Ya yi," in ji Gwaggo. "Tun shekaranjiya yake tari, ai na sani." Ta durƙusa ta buɗe 'yar ƙofar da ke ƙasa, ta tara kwano, ta zaro maɓallin riga biyu da safar jariri.

Manaja ta yi dariya. "Ashe har yanzu jarrabawa ake yi maka, Injiniya." Ta ce tsari ya dawo, ta hau sama. Ba a rufe ɗakin ba.

Sai dai ba kullum zan kasance a wurin ba, mu biyun mun san haka. Na duba littafin injin, na ga duk abin da yake iya faɗa bai wuce saƙo goma sha huɗu ba. Na yanka kwalin sabulu na rubuta su ɗaya bayan ɗaya da manyan baƙaƙe. Tun daga nan, in ta tashi aiki sai ta biyo ta shagona, ta zauna a bayan wani mataccen firji inda masu wucewa ba sa hangowa, ta ciro tabaraun manajan nan daga gidansa. Ashe idon ma yana buƙatarsa. Shekararta sittin da uku, kuma ɗaliba ce mai rigima. Ta ce wanda ya ƙirƙiro baƙaƙe biyu masu kama da juna ba ya tsoron Allah.

Sai da muka yi wata biyu. Ran nan na ɗaga mata kwali na tara, mai tsawon nan, na ƙofa ba ta rufu ba. Ta bi shi da yatsa, a hankali, tun daga farko har ƙarshe, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ta ɗago tana jira. Ni kuwa so nake in ƙara ji.

"Sake," na ce.

Ta cire tabarau. Ba ta kalli kwalin ba, hancina ta kalla.

"Ɗan banza," ta ce. "Goge zufar."

Na goge. Ta mayar da tabarau ta sake karantawa.