Dallatu Bai Ce Bismillah Ba

A Tudun Marke, wani ƙauye da ke gefen hanyar Makoda, idan ka ce kana neman Dallatu sai a tambaye ka wanne. Amma ka ce Janar, ko tsohuwar da ta daina fita za ta kwatanta maka ƙofar gidansa. Bai taɓa sa kakin soja ba, ko sintirin gari bai taɓa shiga ba. A waya ya samo muƙamin, kuma shi ya naɗa kansa.

Abu biyu ya gada wajen mahaifinsa: gona ɗaya a bayan gari, da baki. Gonar ba ta da wani girma, don a wannan yanki inda kunyar gonar wani ta ƙare nan ta wani take farawa, babu dajin da mutum zai ɓuya. Bakin kuwa ya fi gonar faɗi. Tun yana saurayi ba a cin sa a dara, ba don ya fi kowa iyawa ba, sai don yakan riƙe ɗan dara a hannu yana nazari har abokin wasansa ya tuna yana da aiki a gida. Ya taɓa sayar da rake, ya bari. Ya yi acaɓa, fasinja na kan babur shi yana ƙarasa labari. Allah dai ya yi shi da son a jira shi, kuma mutanen Tudun Marke, da yake masu kara ne, sun daɗe suna jiran nasa.

Shekarar da man fetur ya tashi ya ƙi sauka, Dallatu ya jingine babur, daga baya ya rabu da shi. Taki ya zama abin kallo a kasuwa, a taɓa buhu a wuce. Geronsa ya yi ja tun yana ƙarami, dawar ma ba ta kai ko'ina ba. Abin da ya yi kyau a gonar nan wake ne kawai, don shi wake bai damu da taki ba. Ya yaɗu ya rufe kunya, 'ya'ya jingim, har masu wucewa na cewa tubarkalla. Matarsa Zuliha ta gama lissafinta tun yana fure: da waken nan za a ja gidan, ita da shi da 'ya'yansu ƙanana, har damina ta sake sauka. Ban da shi babu komai a rumbu sai ƙaiƙayi.

A wannan shekarar ce ƙaninsa Haruna, mai dako a kasuwar hatsi ta birni, ya zo gida ya bar masa tsohuwar waya mai fasasshiyar fuska. A cikinta akwai wani wasan yaƙi da ba ya cin data. A wasan, duniya ta riga ta ƙare, ba irin ƙarewar da malamai ke faɗa ba, irin ta Turawa: bama-bamai sun ƙone birane, 'yan tsirarun da suka rage suna kashe juna a kan rijiya da man fetur da buhunan hatsi. Da aka nuna wa mutanen majalisa, wani ya ce shi bai ga abin mamaki ba, ai kasuwar Makoda ce ranar Laraba. An raba ƙasar wasan gida-gida kamar gonaki. Kai za ka fara: ka matsar da sojojinka ɗaya bayan ɗaya, ka tura motar yaƙi nan, ka ɓoye maharba can. In ka gama sai ka danna wani ɗan maɓalli a kusurwa, sannan abokan gaba su yi nasu motsin. Muddin ba ka danna ba, haka za su tsaya ƙiƙam, ko kwana za ka yi.

Turancin Dallatu a firamare ya tsaya, bai san me aka rubuta a maɓallin ba. Sai ya raɗa masa suna Bismillah, irin wadda ake ce wa baƙo in an ajiye masa abinci ko an shimfiɗa masa tabarma.

"Ku dubi tarbiyya," yakan ce wa 'yan majalisa yana nuna musu wayar. "Mutum ya zo kashe ka, bindiga a hannu, amma ba zai ɗaga ƙafa ba sai ka ce masa bismillah. Yaƙi ke nan na masu hankali. Duk wanda kuka ga yana gaggawa bai san yaƙi ba."

Liman ya yi ƙorafin sunan sau ɗaya, ya ga ba a ji, ya kama bakinsa. Shi kuwa Dallatu ya samu abin da ya nema tun haihuwarsa, wato abokin gaba mai haƙuri. Ya ci garuruwa, ya ƙwace madatsun ruwa, ya san adadin abincin kowace runduna tasa da ka. Daga nan ya ce a riƙa kiran sa Janar, aka kira shi don a yi dariya, shi kuma ya amsa da gaske.

To, a Tudun Marke akwai dokar da ta girmi kowa. Da zarar an yi shuka, kowace akuya da tunkiya da saniya sai a ɗaure ta, ta yi damina a turke. In an kawar da amfanin gona, mai unguwa yakan sa a yi shela a faɗi ranar sakin dabbobi. Daga wannan rana gonaki sun zama na kowa. Abin da dabba ta ci maka ta ci bulus, babu ƙara, babu biya. Wake kuwa shi ne na ƙarshen barin gona, shi ya sa kowace shekara masu wake ke tsere da shela.

Da aka yi shelar farko, Dallatu ya sa hularsa ya tafi wajen mai unguwa Muhammadu Sani, aminin marigayi babansa. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, sannan ya shiga bayanin cewa ba a buɗe wa maƙiyi hanya alhali kayan yaƙi na fili. Mai unguwa bai gane rabin maganar ba. Amma da ma wasu magidanta sun riga sun roƙe shi a ƙara musu kwanaki, don haka ya ce an ɗaga. Dallatu ya dawo majalisa yana taku ɗai-ɗai.

"Me na gaya muku? Ba a motsi sai na gama."

Sauran masu wake suka duƙufa, su da 'yan'uwansu, daga safe har yamma. Shi ma Dallatu, a faɗi gaskiya, kullum yana zuwa gona da buhu. Yakan zauna a gindin wata bishiyar gawo ya ƙare wa gonar kallo, ya raba ta gida-gida a ransa, ya yanke shawarar ta gabas za a fara, sannan ya ga hikimar farawa ta yamma. In kansa ya ɗau zafi sai ya ciro waya don ya huta. Maƙwabcin gonarsa Ɗan'auta ya ce zai kama masa roron waken in zai bar masa harawar, Dallatu ya ce shi ba ya sulhu a kan abin da yake hannunsa. Abin da ya kawo gida a duk kwanakin nan bai cika ƙwarya biyu ba.

Zuliha ba ta zuwa gona, kamar sauran matan aure na garin, kuma Dallatu na cikin masu alfahari da hakan. Daga tsakar gida take jin labarin wakenta a bakin masu shigowa, abin yana cin ta.

"Malam," ta ce da shi wata rana da hantsi, "an ce waken nan ya bushe har yana fashewa da kansa."

"Na sani. Bari in ƙwace rijiyar nan tukuna, mutanena ba su da ruwa."

"Mutanenka na cikin waya sun ci abinci?"

"Sun ci mana. Ai ni ba na wasa da cikin runduna."

"Madalla. Na nan gidan dai kunu suka sha, shi ma tsararo."

Ya ce mata matsalar mata ke nan, ba su iya hangen nesa ba. Ta koma kan aikinta. Ba fushi take ji ba, tsoro take ji, don ta san yadda bazara take a gidan da babu hatsi.

Mai shela ya sake zagayawa ya ce jibi da hantsi za a saki dabbobi, kuma wannan karon babu ɗagi. Dallatu ya ji da kunnensa. Ya ce a bar su su yi ta shela, mai unguwa ba zai saki ko ɗan akuya ba sai ya ji daga bakinsa, ai wancan karon ma haka aka yi. Ya ƙudurta zai je ya sanar da shi in ya shirya. Bai je ba, don a ganinsa rashin zuwan ma magana ce: wanda bai ce bismillah ba, ai bai gama ba.

Ranar da aka faɗa, wayar ta mutu tun da safe, sai ya tafi rumfar mai cajin sola a bakin titi ya zauna gadinta. Yana nan ya ji garin ya ɗauki kuka, me-me-me ta ko'ina. Dabbobin da suka yi wata da watanni a turke, a shekarar da ko dusa ta gagari masu su, suka fito kamar an buɗe makaranta. Gonakin kowa fayau, sai kara. Wuri ɗaya ne kore da ruwan ƙasa a duk bayan gari, kuma ba sai an nuna wa akuya hanya ba. Ko da Dallatu ya iso da gudu, takalmi ɗaya a hannu, gonarsa ta zama kasuwar dabbobi. Ya kori na gabas, na yamma suka shigo. Ya jefi wani bunsuru da takalmin, bunsurun ya dube shi yana tauna.

Bai tsaya ba sai ƙofar mai unguwa, inda ya tarar da dattawa a zaune.

"Ranka ya daɗe, an yi mini ha'inci! Ban gama ba aka saki. Ban ce bismillah ba!"

Mai unguwa ya ɗauka bai ji daidai ba, sai da wani ya yi masa bayanin maɓallin. Sannan ya dubi Dallatu.

"Ɗan nan," ya ce, "ni na riƙe ka ranar sunanka. Da ubanka na raye da yau na je na yi masa jaje, ba na wake ba. Tashi ka ba ni wuri."

Dattawan ba su yi dariya ba, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. A hanya wani ya ƙara masa da labarin da bai nema ba: awakin da suka fara shiga gonar, tun kafin na kowa, na gidansa ne. Ya faɗa gida yana huci ya tarar da Zuliha tana naɗe igiyoyin turke.

"Ke kika saki awakinki a gonata?"

"Ni ce. Tun da sassafe na roƙi Inna Barira ta kora mini su can."

"Da saninki?"

"Na ga za a cinye waken ko ta yaya, Malam. Na ce gara ya shiga cikin da zan iya kai wa kasuwa."

Awakin nata ne, da kuɗin ƙuli-ƙulinta ta tara su, ba shi da ko gashi ɗaya a jikinsu. Ya gane cewa daga yau har damina, duk lomar da zai kai baki daga hannunta za ta fito. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba. Ita kuwa idonta ya cika da hawaye, amma ba ta bar su sun zubo ba. Ta ɗauko ƙwarya ta miƙa masa.

"Waken da ya fashe ya zube ƙasa, akuya ba ta iya tsince shi duka. Je ka yi kala, ko na iri mu samu."

Kala aikin tsofaffin mata ne marasa gona, su bi bayan masu girbi suna tsintar abin da ya faɗi. Da la'asar aka ga Janar a durƙushe a tsakiyarsu, yana tona ƙasa da yatsa, yana ɗaga kowace ƙwaya ya duba da kyau, don wake da kashin akuya a cikin turɓaya sai an lura. Ya samu wata kunya mai ɗan dama ya fara bi. Sai ya ji an taɓa shi da sanda. Inna Barira ce, tsohuwar maƙwabciyarsu, ƙwaryarta ta kusa rabi.

"Dallatu, matsa gaba. Nan ni na riga ka."

"Inna, gonata ce fa. Gonar babana."

"Jiya ke nan," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Yau an saki."

Ya dubi sauran tsofaffin ko wata za ta sa baki, kowacce idonta na ƙasa. Ya ɗauki ƙwaryarsa ya matsa kunya ta gaba.