Jirgin Baba Da Gishiri Ya Ci

Mahaifina matuƙin jirgin ruwa ne, tsakanin Yauri da Wara. Da na koma gida bayan rasuwar mijina, ni nake binsa ranar kasuwa da kwandon busasshen kifina. A shekarar ce ya sayar da tsohon jirginsa na katako, ya sayi na alminiyam na hannu, fari sol, mara nauyi. Duk wanda ya tsaya kallo a bakin ruwa sai Baba ya buga gefensa ya ce, "Wanga ba ya tsatsa, ba ya ruɓewa."

Gishiri da takin zamani ne yawancin lodinsa. Buhu kan yage, abin ya zube ƙarƙashin katakon da ake takawa, ya jiƙe, ya kwana a can.

Wata rana ɗan kunnena ya faɗa tsakanin katakon, na ɗaga guda ina nema. Sai na ga wani farin abu ya tattaru a ƙasan jirgin kamar ƙullin gari. Na kankare da farce, na tarar da ƙananan ramuka, kowanne kamar an soka allura. Na nuna wa Baba.

"Datti ne, ɗiyata," ya ce. "Kin taɓa ganin tsatsa fara?"

Na gaya wa Inna. Ta ce tukunyarta ta dalma ma haka ta fara kafin ta soma ɗiga a wuta. Ta yi masa magana, bai ji ba.

Bayan damina muka taso daga Yauri da la'asar, jirgi cike da mata da buhunan gishiri. Muna tsakiyar ruwa wata tsohuwa ta ɗaga ƙafa ta ce, "Malam, zanena ya jiƙe." Baba ya janye katako. Da ɓula ɗaya ce da mun toshe da tsumma, amma ruwan ta ko'ina yake tsattsafowa, siriri siriri. Na ɗauki ƙwarya ina kwasa, wata ta zubar da manjanta ta kama kwasa da robar. Mata suka ɗauki salati. Wata mai goyo ta kwance ɗanta ta riƙe shi sama da kai, ko kuka ba ta yi.

"Ku jefa gishirin!" in ji Baba.

Muka tura buhuna cikin ruwa, masu kayan na kallo. Baba ya karkata jirgin zuwa wani gungu, tsibirin masunta, muka isa ruwa ya kai mana ƙwauri. Ba wanda ya mutu. Mai goyon nan dai da ta taka ƙasa sai ta zube, rungume da ɗanta.

Aka jawo jirgin zuwa wurin wani mai walda a Yelwa. Ya goge ƙasan, ya kife shi a rana, haske na fitowa ta ramukan. Ya ce gishiri da taki ne suka zauna cikin laima suka ci shi, kuma bakin ramin ƙarami ne amma cikinsa ya fi faɗi. Ya gwada liƙe wuri guda, gefensa ya ɓule.

"Baba, sai dai a yanke ƙasan duka," ya ce.

Ko da an gyara, labari ya riga ya bazu, ba macen da za ta sake shiga da ɗanta.

Yanzu yana Shanga wurin ƙanensa, suna noman albasa. Mutumin da ya girma a kan ruwa, ga shi duƙe da fartanya, bayansa na ciwo. Da na kai masa ziyara bai tambaye ni kasuwa ba, bai tambayi abokansa ba. Ya dube ni kawai ya ce, "Yaron nan da anka ɗaga sama, ya fara tafiya?"

Na ce ban sani ba, don uwarsa ta daina zuwa Yauri.