Sunan Yaya a Kan Wayata

Ni maɗinkiya ce a unguwar New Bell, kuma tun ina yarinya ba na iya aiki sai da ido a kaina. Da na zauna ni kaɗai, ƙarar babur ɗaya ta isa ta ɗauke min hankali. Shi ya sa nake jingine waya jikin gwangwanin maɓallai, in kunna bidiyon kai tsaye, in hau keke. Ba na magana, masu kallo ma ƙalilan ne.

Yayata, wadda ta koya min ɗinki da rankwashi, ba ta fashi. Ciwo ya kwantar da ita a unguwar Kotto, sai ta riƙa ajiye wayarta a kan matashi tana kallona. Abu ɗaya take rubutawa: "Sannu da aiki." Ni kuma in ce, "Yawwa, Yaya," ban ko ɗago ba.

Da damina ta rasu. Bayan an share makoki na buɗe shago, na kunna wayar. Ina cikin kalmasa bakin zane sunanta ya bayyana a cikin masu kallo. Ƙafata ta sandare a kan keken, ruwa na ta dukan kwano.

Daga baya na ji 'yarta ce ke kunna wayar uwar, ta ajiye a kan matashin nan, ta fita tsakar gida. Ban hana ta ba.

Har yau sunan yana shigowa da hantsi, ba ya rubuta komai. Nakan gyara zama, in miƙe layin ɗinkina, in ce, "Yawwa, Yaya."