Ɗorawa Uku da Takarda Ba Ta Ambata Ba

Jiya ɗana ya kawo mini takardar wani fili in duba masa, sai na ji ina tambayarsa, "Me ba a rubuta ba?" Tambayar marigayi kawuna ce.

Na zauna a Jidda da Kwatano, ina karanta yarjejeniya da harsuna uku. Kawu kuwa ko boko bai yi ba. Da na sayi gona a Iku don in gina gidajen haya, na kai shi ya gani. Muka tsaya a inuwar ɗorawa, yana tauna goro, yana murza jar ƙasa da yatsunsa, ni kuma na karanta masa takardar kaf.

Ya ce, "Ta ambaci ƙasa. Ta ambaci ɗorawan nan uku? A nan ana sayar da gona, itatuwa su zauna hannun matan gidan mai gonar. Je ka gaishe su tukuna."

Na ce, "Kawu, ko'ina na je, abin da ke kan fili na mai fili ne. Lauya ma haka ya ce. Wannan ba hirar zaure ba ce."

Ya kakkaɓe hannunsa.

Na sa aka sare su. Tsohuwar da take yin daddawa da kalwarsu ta zo ta zauna kan kututture tana kuka. Doka ta ba ni gaskiya, amma maƙwabta suka daina amsa mini sallama. Kawu ya rasu ban je na ce masa ya fi ni karatu ba.

Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya sa tsohuwar nan ta yafe mini kafin mu tsaya inda lauya ba ya tsaya wa kowa.