Rumfar Alfari

Shekara talatin Alfari ya yi yana jan kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Gaya da Kotonu, albasa a tafiya, siminti a dawowa. Da shanyewar ɓarin jiki ta sauko da shi daga mota, abin da ya rage masa a duniya shi ne rumfar ƙofar gidansa. Rumfar kara ce, ba bango ba ƙyaure. Tun la'asar tsofaffin direbobi ke cika ta, ana dafa shayi ana zuba ƙarya, Hasan da suka fara karen mota tare shi ne uban gardama. Ni maƙwabcinsa ne, kuma ban taɓa ganin mutumin da hayaniya ke yi wa magani kamarsa ba.

Sai dai garinmu bakin kogi ne, ga fadamun shinkafa, sauronmu ba ya jiran magariba. A damina guda masassara ta kwantar da Alfari sau biyu a likita. Babban ɗansa Nasiru, mai shago a Malanbil, ya ce ba zai zuba ido ba. Ya taɓa ganin rumfa mai ragar hana sauro a wani otel, sai ya kawo mai walda. Aka cire karan, aka kafa ƙarfe, aka rufa kwano, aka kewaye ko'ina da ragar waya. Don a riƙa turo tsohon a keken marasa lafiya cikin sauƙi, aka fasa katanga aka yi ƙofar ta cikin gida. Ta waje kuwa ba a bar ko inda kaza za ta bi ba.

Aiki ya yi kyau, wannan ba musu. Amma wane namiji ne zai ratsa tsakar gidan wani, matan aure na daka da wanki, don kawai ya sha shayi? Kwana biyu abokan suka yi suna tsayawa a waje suna magana ta raga, kamar masu ziyara a gidan kaso. A na uku suka ɗauki butarsu suka koma gindin dogon yaro a tsallaken hanya. Alfari na hango su, dariya na iso shi, maganar ba ta isowa. Bai yi ƙorafi ba, yana kunyar ɗan fari, kuma yaron don Allah ya yi. Wata huɗu yana ramewa, matarsa Zainabu na cewa ko tuwo sai da lallashi. Abin ya yi mini ciwo, har na tare Nasiru na gaya masa garin neman gira ya rasa ido.

Ya ji kunya, ya dawo da mai walda aka yanka ƙofa ta waje, ƙyaure mai kyau har da sakata. Ran nan Alfari ya sa aka shimfiɗa tabarmi uku, aka hura gawayi.

Hasan kaɗai ya tsallako. Ya tsaya bakin ƙyaure ya yi sallama, ya jira aka amsa, ya tuɓe takalmi ya zauna a gefen tabarma. Ya tambayi jiki, ya yi addu'a, shayi bai ma tafasa ba ya miƙe.

"Hasan, tun yaushe kake yi mini sallama?" in ji Alfari.

"Ai wuri mai ƙyaure ɗaki ne, Alhaji. Allah shi ƙara sauƙi. In Allah ya kai mu Juma'a, za mu taho dubiya gaba ɗaya."

Ya fita, ya jawo ƙyauren a hankali ya rufe, kada sauro ya shiga.